Sharhi: Ƙari a zuciyar jarirai, cutar da ke ɓuya a bayan zazzaɓi a Tamaske

A Tamaske da sauran garuruwan gundumomin Keita, Buza da Madawa na jihar Tawa, idan jariri ya fara haki ko ya kasa shan nono, abin da ake fara zato shi ne zazzaɓin cizon sauro ko limoniya. Galibi haka ɗin ne. Sai dai akwai tsirarun yaran da matsalarsu ƙari ne a cikin zuciya, kuma gwajin jini ba ya nuna shi.

Ƙarin da ya fi yawa a zuciyar jarirai shi ne wanda likitoci ke kira rabdomiyoma. Ba kansa ba ne, ba ya bazuwa a jiki, kuma yawanci yakan motse da kansa a shekarun farko na rayuwa. Yana zama haɗari ne idan ya tare hanyar jini ko ya rikita bugun zuciya. A nan ake buƙatar tiyata, ko magunguna irin su sirolimus da everolimus da ke rage girmansa.

Babban abin damuwa shi ne abin da ƙarin ke nunawa. Mafi yawan yaran da ke da shi suna ɗauke da cutar Burnebil, wadda ta samo sunanta daga likitan Faransa da ya bayyana ta a 1880. Ana kiyasin tana shafar jariri 1 cikin 6,000, wato kusan 17 cikin kowane 100,000, kuma jihar Tawa na haifar fiye da wannan adadi a kowace shekara. Kimanin 8 cikin 10 na masu cutar suna samun farfaɗiya, sau da yawa tun kafin su cika shekara guda. Idan aka ɗauke ta a matsayin iska aka tsaya ga hayaƙi da rubutu kawai, ƙwaƙwalwar yaro ce ke cutuwa, alhali magani da wuri na rage illar.

Ana gano ƙarin ne da hoton eko na zuciya, wani lokacin tun jariri na ciki. Amma ƙwararrun likitocin zuciyar yara kaɗan ne a Nijar, kuma a Yamai aka fi samunsu, fiye da kilomita 500 daga Tawa. Tun 2006 gwamnati ta mayar da jinyar yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta, sai dai kuɗin mota, abinci da masauki na kan iyaye. Ga manomin da ke jiran kaka, wannan kaɗai ya isa ya hana tafiya.

Tiyatar kuwa ta fi nisa. Ƙungiyar Mécénat Chirurgie Cardiaque na kai yara Faransa tun 1996, yayin da aka buɗe cibiyar tiyatar zuciyar yara ta Cuomo a Dakar da ta André Festoc a Bamako. Amma duk waɗannan ƙofofi na buɗuwa ne ga yaron da aka riga aka gano ciwonsa.

Saboda haka gyaran daga ƙasa zai fara. Cutar Burnebil na da alamar da ido ke gani: fararen tabo a fata, masu kama da ganye, waɗanda ke fitowa sarai a baƙar fata. Jami'an da ke bi gida-gida kowace damina suna raba maganin rigakafin zazzaɓi ga yara 'yan wata 3 zuwa 59 za su iya duba wannan ba tare da ƙarin kuɗi ba. Haka nan, a horar da masu yi wa mata masu juna biyu eko a asibitocin gunduma su riƙa duba zuciyar ɗan tayi.

Ga iyaye kuwa, yaron da ke haki babu zazzaɓi, ko yake zabura yana naɗewa a jere, musamman mai fararen tabo, a garzaya da shi likita, a kuma nemi takardar turawa zuwa asibitin Tawa.