Ɗaga Ƙafarka Daga Kan Totur!

'Yan uwa maza da mata, gudun nan ya isa haka. Ya isa! Titin cikin gari ba hanyar Abuja ba ce. A Kano, daga Ƙofar Ruwa zuwa Kurna, daga Kabuga zuwa Rijiyar Zaki, daga Dangi zuwa Unguwa Uku, mutane ne danƙam a gefen titi: 'yan makaranta, almajirai, mai tura ruwa, tsohuwa da sandarta, mace da goyo. A tsakaninsu muke sheƙa gudu. A tsakaninsu muke ƙure maleji. Haka abin yake a Kaduna da Zariya da Sakkwato da Maiduguri. Masu wannan gudun kuma ba daga wata duniya suka zo ba. Mu ne. Mu ne a kan sitiyari, mu ne a kujerar baya muna cewa direba ya ƙara wuta.

Ku tambayi direbobi goma a tasha, "Nawa ne iyakar gudu a cikin gari?" Ku ji amsoshin da za ku samu. To, ga amsar, ku riƙe ta: kundin dokokin hanya na Najeriya ya ce kilomita 50 a awa ɗaya a duk inda gidaje da jama'a suke. Motar gida, tasi, bas, babur, duk 50. Tirela da tankar mai, 45. Wannan kuma shi ne ƙarshen abin da aka yarda, ba wajibi ba ne sai ka kai shi. Kilomita 80 na babbar hanya ce, bayan an bar gari. Ku faɗa wa 'ya'yanku. Ku faɗa wa direbanku. Ku rubuta a jikin bangon gareji: cikin gari, 50!

A ƙofar makaranta kuwa, da bakin kasuwa, da layin unguwa, 50 ɗin ma ta yi yawa. A nan 30 muke nema. Ga dalili, kuma lissafi ne da kowa zai iya yi.

Motar da ke gudun 50 tana cinye kusan mita 14 a kowace daƙiƙa. Direba mai lafiya, wanda idonsa ke kan hanya, yana buƙatar kamar daƙiƙa guda tsakanin ganin abu da taka birki. Yanzu ƙarfe huɗu ta yi, an taso daga Islamiyya. Yarinya ta fito daga bayan Adaidaita Sahu da ya tsaya sauke fasinja, jakar littattafanta a kafaɗa, hijabinta ya kare mata gefen ido, hankalinta na kan ƙawarta da ta riga ta tsallaka. Tsakaninka da ita mita 14. Idan 30 kake yi, kuma birkinka na da kyau, titi a bushe, za ka tsaya cak dab da ita. Za ta razana, ta ruga, ta kai gida a yi mata faɗa, shi ke nan. Idan 50 kake yi, kafin ƙafarka ta sauka a kan birki ka riga ka isa inda take. Da cikakken gudunka za ka same ta. Mota ɗaya, direba ɗaya, titi ɗaya. Kilomita 20 ce kawai ta raba gida biyu, gidan da aka ci tuwon dare da gidan da aka shimfiɗa tabarmar zaman makoki.

Kada ku raina 50. Wanda mota ta buge a gudun 50, jikinsa ya sha irin bugun wanda ya faɗo daga tsayin kusan mita 10, wato daga saman bene mai hawa uku. A gudun 30, kamar mita uku da rabi ne. A gudun 80, mita 25. Waye a cikinmu zai tura ɗan maƙwabcinsa daga kan bene? Babu. To, me ya sa muke yin 80 a titin da yake tsallakawa kullum?

Za ka ce sauri kake yi. Mun ji. Zo mu ƙirga saurin. Tafiyar kilomita 5 a gudun 50 minti 6 ce. A gudun 70, minti 4 da 'yan daƙiƙu. Ribar da ka ci ba ta kai minti 2 ba. Ita ma ɗin za ka mayar da ita a danja ta gaba, ko a shataletale, inda za ka tarar da mai keken da ka wuce ɗazu ya iso ya tsaya kusa da kai yana kallonka. Minti 2! A kan minti 2 ake karya ƙafar magidanci. A kan minti 2 ake mayar da yara marayu. Hausawa sun daɗe da gane cewa sauri kan haifi nawa, sai dai ba su ga irin nawar da ake yi a gadon asibiti ba, wata da watanni, ƙafa a rataye da ƙarfe. Wanda yake shakka ya je dubiya Asibitin Ƙashi na Dala, ya zauna kaɗan, ya tambayi masu jinya abin da ya kawo su.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a hatsarin hanya kowace shekara, kuma babu abin da ya fi shi kashe yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 29. Ta kuma ce duk ƙarin kashi 1 cikin 100 a kan gudu yana ƙara haɗarin mutuwa da kashi 4. Shi ya sa a watan Fabrairun 2020 ƙasashe suka taru a Stockholm ta Suwidin suka amince da kilomita 30 a duk inda motoci ke cuɗanya da masu tafiya a ƙasa. Brussels ta fara a farkon 2021, Sifaniya ta bi a watan Mayu, yawancin titunan Faris suka koma 30 a watan Agusta na shekarar. Su da suke da hanyar ƙafa ta musamman da motar asibiti a kusa, sun rage. Mu da muke tafiya a kan kwalta saboda 'yan tebur da motocin da aka ajiye sun cinye gefen titi, me muke jira?

Kada mu jira kowa. Mu fara yau.

Direba, ɗan uwa, duba malejinka. Idan ya mutu, gyara shi, don wanda bai san gudun da yake yi ba bai san abin da zai rage ba. Ajiye wayar nan. Idan ka hango makaranta, ɗaga ƙafa. Idan ka hango masallaci an idar da salla, ɗaga ƙafa. Idan hazo ya sauko, ɗaga ƙafa. Idan azumi ya zo, rana ta yi ja, kowa na rige-rigen shan ruwa a gida, ajiye dabino da ruwa a mota, ka sha a inda magariba ta same ka. Ladanka bai ragu ba.

Ɗan sahu, mun san halin da kake ciki. Mun san balas na jiranka da yamma, mun san kuɗin mai, mun san fasinja ɗaya da aka riga ka ɗauka yana ci maka rai. Amma mashin ɗinka ƙafa uku gare shi, kwana ɗaya da gudu ta ishe shi ya kife, kuma babu ƙofar da za ta tare yaron da ke zaune a gefe. Kai kuma Alhaji mai mashin, kai da ka ɗora masa balas ɗin da ba ya fita sai da tukin ganganci, kana da hannu a ciki. Sassauta masa. Kira shi ka ce, "Na fi son ka dawo min da mashin lafiya a kan ka dawo min da ciko." Faɗa masa da bakinka, ya ji.

Sai ku fasinjoji, kuma a nan nake so mu daɗe, don ku ne kuka fi kowa yawa kuma ku ne kuka fi kowa shiru. Mun sha gani. Direba na gudu kamar zai tashi sama, mota cike, kowa ya ƙanƙame kujera yana salati a zuci, babu mai cewa uffan. Mace na jin nauyi. Saurayi na tsoron a ce masa matsoraci. Dattijo na cewa bari dai mu isa. Wani lokacin ma idan mutum ɗaya ya yi magana, sai na kusa da shi ya harare shi, "Malam, idan ba ka sauri mu muna sauri." Wannan shirun ya ci rayuka. Ku karya shi! Kuɗinki kika biya, Hajiya, ba alfarma aka yi miki ba. Ki ce, "Direba, don Allah sassauta, da yara a motar nan." Babu zagi, babu faɗa. Kai da ke kusa, mara mata baya: "Gaskiya ta faɗa, rage." Baki biyu sun isa su sauke ƙafar direba. Baki uku, ba shi da ta cewa. Idan ya ƙi, ku ce ya tsaya ku sauka, ku ɗauki lambar motar, ku kai ƙara wurin shugabannin tasha. Ku yi magana! Ku yi magana tun motar na kan ƙafafunta!

Iyaye, makullin mota ba kyautar gama sakandare ba ce. Yaron da bai kai 18 ba doka ba ta ba shi lasisi ba, kai ma kada ka ba shi sitiyari. Wasan mota ranar ɗaurin aure da kai amarya, wannan juyi da ƙarar taya a tsakiyar unguwa, yara sun yi da'ira suna ihu, a daina shi. Uban ango, uban amarya, ku sanar tun ranar sa rana: a bikinmu ba a wasan mota. Wanda ya yi, ba da yawunmu ba.

Na san abin da wasu za su ce: kwana ne ya ƙare. Mun yi imani da ƙaddara, babu mai ja. Amma addinin da ya koya mana ƙaddara shi ne ya ɗora wa wanda ya kashe rai bisa kuskure diyya da kaffarar azumin wata biyu a jere. Da babu alhaki, da ba a ɗora ba. "Mun yafe" da iyayen mamaci ke faɗa cikin hawaye karamci ne nasu, bai mayar da gangancinka daidai ba. Malamai, limamai, fastoci, ku hau mumbari da wannan magana. Huɗuba guda a kan gudun wuce sa'a za ta kai inda jami'in hanya ba zai kai ba.

Mutanen unguwa, ku tashi. Ku zauna da mai unguwa, ku ƙirga wuraren da yara ke tsallakawa, ku rubuta takarda, ku sa hannu, ku kai wa kansila da ƙaramar hukuma. Ku nemi allon da aka rubuta 30 ɓaro-ɓaro a ƙofar kowace makaranta. Ku nemi zanen tsallaka titi. Ku nemi tudun rage gudu, amma wanda injiniya ya auna, aka shafa masa fenti ana hango shi. Wanda matasa ke tara ƙasa da duwatsu cikin fushi bayan an buge yaro, shi ma kayar da mai babur yake yi da daddare. Kafin hukuma ta amsa, ku fitar da dattawa biyu da matasa biyu, safe da yamma, su tsaya su tsallakar da yara. Wannan ba ya buƙatar kasafin kuɗi.

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa tana nan tun 1988, kuma tun 2017 ta wajabta wa motocin haya na'urar taƙaita gudu. KAROTA na Kano, KASTLEA na Kaduna. Mu ba su haɗin kai, mu kuma riƙe su da aikinsu: a kafa alluna, a auna gudu, a hukunta kowa daidai, har da masu jiniya da baƙin gilashi. Idan hatsari ya faru a gabanku, ku kira 122, ku taimaki wanda ya ji rauni, ku mayar da waya aljihu maimakon ɗaukar bidiyo, kuma kada a taɓa direba, a miƙa shi ga hukuma.

Gobe da safe za ka tayar da mota. Za ki hau Adaidaita. Za ku raka yara bakin titi. A nan za a fara. Cikin gari, 50! Ƙofar makaranta, 30! Bakin kasuwa, 30! Layin unguwa, 30! Faɗa wa direban gidanku yau da daddare. Faɗa wa 'yan majalisarku bayan isha'i. Mai unguwa kuma ku same shi kafin Juma'a, takardarku a hannu.