Kowane Yaro Da Bishiyarsa

Jama'a, duk wanda ya bi hanyar Daura zuwa Kongolam da bazara ya san yadda ƙasarmu ta ke: rairayi da iska mai zafi, sai gawo da aduwa jefi-jefi. Dattawa sun ga farin 1973 da na 1984, sun kuma ga yadda itatuwa suka yi ta raguwa tun daga sa'an nan. Hukuma ba ta yi barci ba. A 2007 ƙasashen Afirka suka amince da shirin dasa katangar itatuwa don tare hamada, Katsina kuwa tana cikin jihohi 11 da aikin ya shafa a Nijeriya. Amma mun sani, bishiyar da ba ta da mai ita, akuya ce magajiyarta.

To, shawarata ita ce, kowane maigida ya dasa itatuwan marmari a cikin gidansa ko a garkarsa, ya raba wa 'ya'yansa, a ce wannan ta wane ce, waccan ta wance ce. Abin da yaro ya san nasa ne, ba ya bari ya lalace. Shi zai riga kowa ganin sabon toho, ya sheƙo da gudu yana cewa, "Baba, tawa ta yi fure!" Wannan murna kuwa ba a sayenta a kasuwa.

A fara da gwanda, domin takan yi 'ya'ya cikin shekara guda, yaro kuwa ba shi da dogon haƙuri. A dasa uku wuri ɗaya, kada a dace da namiji kaɗai, wanda ba ya haihuwa. Sai gwaiba da lemun tsami su biyo baya. Mangwaro mai aure yakan fara bayarwa cikin shekara 3 ko 4, na ƙwallo kuwa sai ya kai 6 ko fiye. A ba shi fili kamar taku 10, nesa da katanga. A haƙa rami kamu ɗaya zurfi, kamu ɗaya faɗi, a gauraya ƙasar da ruɓaɓɓen taki da ɗan toka saboda gara, a dasa cikin watan Yuli in damina ta zauna.

Wani zai ce, "Ruwan sha ma da ƙyar, ina na bishiya?" Gaskiya ne ruwa na da wuya. Amma ruwan alwala da na wankin hatsi kullum zubar da su mu ke yi. A nuna wa yara su riƙa kai wa dashensu. A binne tsohon tulu mai tsaga kusa da gindi, a riƙa cika shi, ya yi ta tsatsafowa a hankali. A rufe gindin da ciyawa, a kewaye da ƙaya. Rani biyun farko su ne masu wahala. In saiwa ta yi nisa, aikin ya ragu.

Ribar kuwa a fili ta ke. Mangwaro na nuna da bazara, lokacin da rumbu ya fara yin ƙasa, shi da gwanda kuma suna ɗauke da sinadarin da ke kare idon yara. Abin da ya yi saura a kai kasuwar Mai'aduwa, ko a kasa a bakin hanyar Damagaram inda matafiya ke tsayawa, kuɗin kuwa a sayi littafi da takalmi wa mai bishiyar. Kada uba ya karɓe, gama in ya karɓe, ya kashe zuciyar yaron.

Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Yaron da ya yi wa bishiya ban ruwa shekara uku ba zai girma ya ɗora mata gatari a banza ba. Manoma, 'yan kasuwa, malaman ofis, kowa ya tanadi dashensa tun kafin ruwa ya sauka. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.