HAZO YA TARE SAMA, INA HANYAR ƘASA?

Kowace shekara, daga watan Disamba har zuwa Fabrairu, iskar hunturu ta kan kwaso ƙura daga kwarin Bodele, can arewacin Cadi, ta zo ta lulluɓe ƙasar Hausa. Ran da hazon ya yi kauri, mutum ba ya hangen abin da ke nesa da shi kamar rabin mil, sai jirgin sama ya kasa sauka a Katsina ko Kano. Ba mu ga laifin matuƙin da ya ƙi sauka inda ba ya gani ba. Dattawanmu ba su manta da ran 22 ga Janairu 1973 ba, sa'ad da jirgin alhazai da ya taso daga Jidda za shi Ikko aka juyo da shi Kano saboda rashin kyawun sama, ya faɗi wajen sauka, mutum 176 suka rasu. A jinkirta tafiya ya fi a yi ganganci da rayuka. Abin da mu ke tambaya shi ne, in an ce jirgi ba ya tashi, wa ke da alhakin kai mutum gida?

Ku dubi mutumin Daura, ko Mai'aduwa, ko Zango, ko Baure, ko Sandamu, wanda ya kai tsohuwarsa asibiti Abuja, ya tattara ɗan abin da ya rage ya yankar mata tikitin jirgi domin jikinta ba zai ɗauki wahalar mota ba. A zaunar da su tun hantsi, ba mai ce musu kanzil, sai rana ta yi sanyi a daga murya a ce an soke tafiya. Kuɗinsa kuwa sai ya cika takarda ya jira. Mai hali ya koma masauki ya kwanta. Shi fa? Ko dai ya kwana a kan benci da majinyaciya, ko ya nufi tasha inda kuɗin mota ya riga ya hau, ya kama hanyar Kaduna da dare, hanyar da kowa ya san abin da ɓarayin mutane suka yi a kanta. Jirgin ƙasan ma da a ke gudu wurinsa, an tare shi ran 28 ga Maris 2022, aka kashe waɗansu, aka shiga daji da waɗansu har wata da watanni. In ya kai Kano lafiya, da sauran tafiya ta Kazaure kafin ya ga ƙofar gidansa.

Mahukunta za su ce hazo ba su suka kawo shi ba. Gaskiya ne. Amma hazo ba ya shigowa ba sallama. Ma'aikatan duban yanayi, watau NiMet, su kan ga ƙura ta tashi a wajen Faya Larjo su yi gargaɗi tun ba ta iso mu ba. Abin da ke zuwa kowace shekara a kan lokacinsa, har da ɗan saƙo a gaba, ba a kiransa ba-zata.

A watan Afrilu 2010 wani dutse ya yi aman wuta a tsibirin Ayislan, tokarsa ta rufe samaniyar Turai kwana shida. Aka soke tashin jirage wajen 100,000, matafiya kusan miliyan 10 suka rasa na yi. To, yaya suka koma gida? Jirgin ƙasa ya kwashe su, da manyan motoci, da jiragen fito na teku. Gwamnatin Ingila har jirgin ruwan yaƙi ta aika Santanda ta ƙasar Sifen ya ɗebo sojojinta da waɗansu farar hula. Dokarsu ta 2004 kuma ta ɗora wa kamfanin jirgi ciyar da fasinja da ba shi makwanci har ya samu tafiya. Da wani kamfani ya ce aman dutse ba laifinsa ba ne, babbar kotun Turai ta yanke a 2013 cewa ko da haka sai ya biya. Ba domin Turawa sun fi mu tausayi ba ne. Sun shimfiɗa hanya ta biyu tun ba a bukace ta ba, sun kuma rubuta wanda zai ɗauki nauyi.

Mu kuwa, a watan Fabrairu 2020 hazo ya sauka Ikko daidai lokacin da na'urar saukar da jirage ba ta kan aikinta sosai. Aka riƙa karkatar da jiragen ƙasashen waje zuwa Ankara ta Gana, mutanenmu suka yi kwanaki a can, har waɗansu suka gaji suka yi hayar mota suka keto Togo da Binin da kuɗin aljihunsu. Ministan jiragen sama na lokacin ɗan jihar nan ne, shugaban ƙasa kuwa ɗan garin nan. Ba mu faɗi haka domin cin zarafin kowa ba, sai domin masu gaya mana cewa in naka ya hau kujera ka huta.

Kada kuma a ce mana ba a iya ba. A 2017, sa'ad da aka rufe filin jirgin Abuja mako shida domin gyaran titinsa, aka mai da sauka Kaduna, nan da nan motocin ɗaukar fasinja suka samu, aka jera 'yan sanda da soja a kan hanya, aka cike ramuka. Me ya sa? Domin ministoci da jakadu za su bi. Ashe dabarar tana nan a aljihun tebur, ba a fito da ita sai wahalar ta taɓa manya.

Maganin da zai dawwama reluwe ne, gama jirgin ƙasa bai damu da hazo ba. Tun 1911 dogo ya iso Kano, Daura kuwa sai labari ta ke ji. A watan Fabrairu 2021 aka aza harsashin layin Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, wanda zai bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, a watan Yuli kuma aka aza na Kaduna zuwa Kano. Wa'adin farko da aka ɗibar wa na Maraɗi ya zo ya wuce ba a gama ba. An dai gina mana Jami'ar Sufuri a Daura, mun gode. Sai dai ɗalibinta ya riga fasinja ganin jirgi, a cikin littafi. Muna so wakilanmu na majalisar tarayya su tashi su tambayi ranar da layukan nan biyu za su haɗu, domin in na Kaduna bai ƙare ba, na Maraɗi ba zai kai kowa Abuja ba.

Kafin nan akwai abin da ba ya bukatar rancen ƙasar waje. Gwamnatin Katsina tana da motocin sufuri nata. Ran da NiMet ta yi gargaɗi, a ajiye biyu ko uku a filin jirgin Abuja da na Kano, da kuɗin da aka ƙayyade aka manna a bango, su tashi da safe cikin rakiya, ɗaya ta zarce Daura kai tsaye. Hukumar kula da jiragen sama kuma ta tilasta wa kamfani ya faɗi gaskiya kafin azahar, ya mayar wa mutum kuɗinsa a hannu nan take, domin da kuɗin nan zai hau mota. Wanda aka sallama da hantsi zai kwana Kano ko Zariya. Wanda aka riƙe har magariba an zaɓar masa benci ko tafiyar dare, alhali kuwa tun da asuba kamfanin ya san jirginsa ba zai tashi ba.