Amurka: sai da makullin gwamnati ake shiga layin kogin Kolorado

A ƙasar Amurka, cikin jahar Arizona, akwai wani yanki na kogi da ba a saka jirgin ruwa cikinsa sai da takardar izinin hukuma. Takardar kuwa ba a samunta sai ta hanyar ƙuri'a, ƙuri'ar kuma yanzu ba a shigarta sai mutum ya bi ta wata ƙofa ta intanet da gwamnatin tarayyar ƙasar ta kafa, mai suna Login.gov. Wani zai ce mene ne namu a cikin sha'anin masu kuɗin da ke yawon shaƙatawa a kogin wata ƙasa mai nisa. Amsa ita ce, a cikin wannan ƙaramin al'amari ana iya ganin abin da ke faruwa duk lokacin da gwamnati ta ɗauke haƙƙin mutum daga kan takarda ta mayar da shi cikin kwamfuta, kuma Hausawa na cewa daga na gaba ake ganin zurfin ruwa.

Kogin da muke magana shi ne Kolorado, a inda ya ratsa babban kwazazzabon nan da ake kira Grand Canyon. Tsawon wurin ya kai kilomita 446, zurfinsa kuma a wasu wurare ya kai mita 1,800. A shekarar 1869 ne wani tsohon soja mai hannu ɗaya, John Wesley Powell, ya jagoranci ayarin da ya bi shi da jiragen katako. A 1919 aka mayar da wurin gandun ƙasa, a 1979 kuma hukumar UNESCO ta sanya shi cikin jerin wuraren tarihi na duniya. Masu tafiya a yau sukan tashi ne daga wani gaɓa da ake kira Lees Ferry, da yawansu kuma sukan fita a Diamond Creek, cikin ƙasar ƙabilar Hualapai, bayan tafiyar kimanin kilomita 360 wadda kan ɗauki mako 2 zuwa sama da mako 3, ana kwana a bakin ruwa.

Daga dogon layi zuwa ƙuri'a

A tsakiyar shekarun 1960 masu bin wannan kogi a shekara ba su wuce ƴan ɗaruruwa ba, amma zuwa 1972 sun haura mutum 16,000. Wurin kwana kuwa bai ƙaru ba, sai ma raguwa, domin madatsar ruwa ta Glen Canyon da aka toshe a 1963 ta riƙe yashin da a da yake gina tudun rairayi a bakin kogin. Dole ta sa hukumar kula da gandayen ƙasar ta ƙayyade yawan masu shiga, ta kuma kafa dokoki masu tsauri, har da cewa kowane ayari ya fito da shararsa da tokar wutarsa da ma bayan gidansa.

An raba damar gida biyu. Akwai kamfanonin da ke ɗaukar fasinja da kuɗi mai yawa, akwai kuma mutanen da ke son tuƙa jirginsu da kansu tare da ƴan'uwa da abokai. Waɗannan na biyun ne aka buɗe wa rajistar jira, wanda ya riga rubuta suna shi ke riga tafiya. Da tafiya ta yi tafiya sunaye suka haura 8,000, har aka ƙiyasta cewa wanda ya shiga daga baya zai jira fiye da shekara 20. A 2003 aka daina karɓar sabbin sunaye, a 2006 kuma sabon tsarin tafiyar da kogin ya soke layin ya kawo ƙuri'a a madadinsa.

Ƙuri'ar tana da nata lissafi. Wanda bai taɓa shiga kogin ba, ko ya shekara 5 rabonsa da shi, yana da maki 5, wato kamar an jefa sunansa sau 5 a cikin ƙwarya, wanda kuwa ya je bara maki 1 gare shi. Waɗanda suka daɗe a tsohon layi an ba su ƙarin maki gwargwadon shekarun da suka yi suna jira. Ana yin babbar ƙuri'a a watan Fabrairu domin tafiye-tafiyen shekara mai zuwa, sannan a yi ƙanana daga baya idan wasu sun fasa. Tsarin 2006 ya tanadi ayari kimanin 500 a shekara ga masu tuƙa kansu, kowane ayari bai wuce mutum 16 ba, ya kuma ce mutum ɗaya tafiya ɗaya gare shi a shekara. Kuɗin shiga ƙuri'a dalar Amurka 25 ne, wato wajen jika 15 na kuɗin sefa, kuma a watan Maris na 2025 aka ɗaga kuɗin izini na kowane mutum daga dala 90 zuwa dala 310.

To duk wannan lissafi, da maki, da tarihin tafiye-tafiyen mutum, da sunayen waɗanda ya ba wa wakilcin jagorantar ayari idan shi ya kasa, suna cikin asusun da kowane mai nema ke da shi a kwamfutar hukumar. Babu wata takarda a aljihu da za ta maye gurbinsa. Saboda haka wanda ya kasa buɗe asusunsa a watan Fabrairu, babbar ƙuri'ar wannan shekarar ta wuce shi.

Mene ne Login.gov

A 2017 ne hukumar GSA, mai kula da gine-gine da sayayya da kayan aikin gwamnatin tarayyar Amurka, ta ƙaddamar da Login.gov. Manufar ita ce, maimakon kowace ma'aikata ta riƙa ba ɗan ƙasa suna da kalmar sirri nata daban, a samu makulli ɗaya da zai buɗe ƙofofi da yawa: neman aikin gwamnati, duba kuɗin fansho, sha'anin tsofaffin sojoji, har zuwa ga takardar izinin kogi. Asusun da aka buɗe a wurin sun haura miliyan 100. A 2024 hukumar fanshon ƙasar ta umarci masu tsofaffin asusu su koma can.

Dalilin gwamnati ba ɓoyayye ba ne. A 2015 aka gano cewa an kutsa cikin kwamfutocin ofishin kula da ma'aikatan gwamnatin tarayya, aka kwashe bayanan mutum miliyan 21 da rabi, har da zanen yatsun sama da mutum miliyan 5. A watan Mayun 2021 shugaba Joe Biden ya sa hannu kan umarnin da ya tilasta wa ma'aikatu su daina dogara da kalmar sirri ita kaɗai. Ƙaramin ofishi irin na masu kula da kogi ba shi da ƙarfin gina irin wannan tsaro da kansa, don haka ya fi masa sauƙi ya jingina da babbar ƙofar da aka riga aka gina.

Yadda abin yake aiki, mutum zai ba da adireshinsa na imel, ya zaɓi kalmar sirri mai aƙalla harafi 12, sannan ya ƙara wata shaida ta biyu. Shaidar na iya zama lambar da ake aiko masa ta wayar salula duk lokacin da zai shiga, ko manhajar da ke fitar da lambobi, ko ɗan makullin ƙarfe da ake soka wa kwamfuta, ko jerin lambobi 10 da zai rubuta ya adana, kowace a yi amfani da ita sau ɗaya. Idan ya wuce nan, sai Login.gov ya miƙa shi ga shafin hukumar kogin, inda bayanansa suke. Shafin yana da fassarar Faransanci, kuma baƙon da ba ɗan Amurka ba yana iya buɗe asusu na wannan mataki.

Inda gizo ke saƙar

Abu na farko da ya kamata a gane shi ne, wannan makulli yana kare asusu daga ɓarawo, amma a matakinsa na farko ba ya tabbatar da ko wane ne mai asusun. Imel da lambar waya kowa na iya mallakar biyu ko uku. Abin da ke hana mutum ya yi wa ƙuri'ar maguɗi da sunan wani shi ne dokar da ta hana sayar da izini ko miƙa shi ga wanda ba a rubuta sunansa tun farko ba, da kuma jami'in gandun daji da ke tsaye a Lees Ferry ranar tashi, yana duba katin shaida mai hoto na kowane matafiyi. Wato dai bayan duk kwamfutocin nan, mutum ne mai ido biyu ke yanke hukunci na ƙarshe.

Na biyu, nauyin ya koma kan mai asusu. Wanda wayarsa ta ɓace, ko ya canza lamba, alhali bai tanadi wata shaida ta daban ba, ma'aikatan Login.gov ba su iya buɗe masa. Abin da ya rage shi ne ya nemi a goge asusun, ya jira awa 24, ya buɗe sabo, sannan ya koma ya sake haɗa shi da kowace ma'aikata da yake hulɗa da ita. Makinsa na kogi yana nan a wurin hukumar gandaye, amma hanyar isa gare shi ta yanke. Ga ofisoshi biyu, kowane da iyakarsa: masu makulli ba su san komai game da ƙuri'a ba, masu ƙuri'a kuma ba su da iko da makulli. Mai ƙorafi ne ke kai da komo a tsakani, ranar rufe ƙuri'a kuwa ba ta jira. Waɗanda abin ya fi ƙona wa rai su ne dattawan da suka rubuta sunansu tun zamanin wasiƙa da gidan waya, waɗanda su ne suka fi kowa tara maki.

Na uku, ita kanta ƙofar ba ta tsira daga zargi ba. A watan Maris na 2023 babban mai binciken hukumar GSA ya fitar da rahoton da ya ce masu tafiyar da Login.gov sun yaudari ma'aikatun da ke biyansu, sun nuna cewa tsarin ya cika wani mataki na tantance mutum wanda bai cika ba, sun kuma karɓi sama da dala miliyan 10 a kan haka. Abin da ya rasa shi ne gwada fuskar mutum da hoton katinsa. Kafin nan, a farkon 2022, hukumar harajin ƙasar ta sha suka sosai da ta nemi tilasta wa jama'a ɗaukar hoton fuska ta hannun wani kamfani mai zaman kansa mai suna ID.me, har ta janye tilascin. Sai a 2024 Login.gov ya samu shaidar cika wancan mataki, bayan ya shigo da gwajin fuska, tare da ba wanda ba ya so ko ya kasa damar zuwa gidan waya a tantance shi ido da ido. A watan Maris na 2025 kuma gwamnatin Donald Trump ta rufe ofishin 18F, ɗaya daga cikin waɗanda suka gina tsarin tun farko. Wannan na nuna cewa idan aka tara ƙofofin gwamnati duka a bayan makulli ɗaya, rigimar siyasa ko kuskuren ofishi guda yana iya taɓa mai fansho da mai neman aiki da mai jirgin ruwa a lokaci ɗaya.

Abin da ya shafe mu

Mu ma a Nijar an kama wannan hanya. A 2017 aka kafa dokar kare bayanan jama'a, a 2020 ƙasarmu ta shiga shirin WURI na Bankin Duniya domin ba kowane mutum lambar shaida tasa ta kansa, a watan Janairun 2025 kuma ƙasashen ƙawancen AES suka ƙaddamar da fasfonsu na bai ɗaya. Muna da namu masu neman izinin ruwa, domin dokar kamun kifi ta ɗora wa masunci ya mallaki takardar izini, daga kogin Isa tsakanin Tilaberi da Gaya, zuwa tafkin Madarumfa da na Tabalak da Komadugu. Bambancin shi ne, na Arizona shaƙatawa yake nema, namu kuwa abincin iyalinsa ne.

Ba mu ƙin a shigar da irin waɗannan takardu cikin kwamfuta. Zai rage yawon biro zuwa biro, ya kuma sa a san inda kuɗin da aka karɓa suka shiga. Sai dai duk ranar da aka tashi yi, a tuna cewa a ƙauyukanmu waya ɗaya kan yi wa gida guda aiki, layuka da yawa da sunan wani aka yi musu rajista, kamfani kuma yana karɓe layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba ya sayar wa wani. Idan aka ɗaure haƙƙin masunci da lambar waya kaɗai, ranar da wayar ta faɗa ruwa takardarsa ta tafi tare da ita.

Saboda haka muke kira ga hukumomi da su yi tanadi tun kafin a fara. A bar teburi a ofishin magajin gari ko na gandun daji inda mutum zai je da ƙafarsa da katinsa a buɗe masa, a fayyace ofishi ɗaya da zai karɓi ƙorafi daga farko har ƙarshe, a kuma yi bayanin tsarin ta rediyo cikin harsunan ƙasa kafin ranar da zai fara aiki. Su kuma masu karatu da suka riga suka buɗe asusu a kowane shafi na hukuma ko na banki, su duba yau su ga ko lambar wayar da suka bayar tana hannunsu har yanzu, kuma da sunansu take. Allah ya sa mu dace.