Yawan hoto a sakan ba shi ne kyawun bidiyo ba

Kwanakin baya wata uwa ta kira mu a gidan rediyo tana kuka da wani yaro mai ɗaukar bidiyon biki. Ta biya shi kuɗinsa cif, ya zo da sabuwar salula yana ta yabonta, wai tana ɗaukar hoto 240 a sakan guda. Da ya kawo aikin, sai ga amarya cikin duhu ba a gane fuskarta, ga wasu baƙaƙen layuka suna hawa da sauka a kan hoton. Biki kuwa ya wuce, ba za a sake kai amarya don a gyara bidiyo ba. A makon nan kuma wani matashi mai ɗakin wasan PlayStation a unguwarmu ya ce mana yara sun guje shi, wai ƙwallonsa na cijewa daidai lokacin da za a buga. A ganinmu kukan biyu tushensu ɗaya ne: mun koyi sayen lambar da aka rubuta a kwali, ba mu tsaya mun san aikinta ba.

Bidiyo dai hotuna ne tsayayyu da ake jerawa da sauri har ido ya ɗauka motsi ne. Silima ta tsaya a kan hoto 24 a sakan tun ƙarshen shekarun 1920, lokacin da fim ya fara magana. Talabijin kuwa wutar lantarki ya bi. A Amurka wuta na juyawa sau 60 a sakan, sai suka ɗauki hoto 30. A Turai da ƙasashenmu sau 50 take juyawa, shi ya sa tsarin SECAM da Nijar ta karɓo daga Faransa da tsarin PAL na Najeriya duk suka tsaya a kan 25.

A nan ne layukan bidiyon amarya suka samo asali. Yawancin saluloli suna zuwa a saite kan 30 ko 60, wato lissafin Amurka, alhali ƙwan fitilarmu, musamman mai araha, yana ƙyaftawa sau 100 a sakan bisa bugun wutarmu. Ido ba ya ganin wannan ƙyaftawa, amma kamara na gani. Maganin ba ya cin ko dala: a mai da kamara kan 25 ko 50 in tana da wurin yin haka.

Duhun kuma lissafi ne mai sauƙi. In aka raba sakan guda gida 240, hasken da kowane hoto zai samu bai wuce kusan kashi ɗaya cikin goma na abin da zai iya samu a 25 ba. Da Apple ya saka 240 a iPhone 6 a 2014, don a rage saurin motsi ya yi shi. Yana da kyau a filin kokowa da rana tsaka, a ga yadda aka yi kaye, ko a wurin sukuwar dawaki. Bai dace da zaman biki na dare ba. Ko manyan silima sun gwada sun gani: a 2012 Peter Jackson ya fito da fim ɗin The Hobbit a hoto 48, masu kallo da yawa suka ce ya zama kamar wasan kwaikwayon talabijin.

Wasan bidiyo kuwa lamarinsa daban ne, kuma a nan mun yarda yawan hoto na da amfani, don yana sa abin da hannu ya danna ya fito da wuri. Sai dai na'ura ce ke zana kowane hoto nan take. In ana son 60, dole ta gama kowane ɗaya cikin ƙasa da kashi 17 cikin dubu na sakan. In ta kasa, hoto ya cije. Don haka 30 mai ɗorewa ya fi 60 mai tuntuɓe. Ba mu kaɗai abin ke samu ba: a Disamban 2020 Sony ya cire wasan Cyberpunk 2077 daga shagonsa ya mayar wa mutane kuɗinsu saboda yadda yake tangal-tangal a PlayStation 4, bai dawo da shi ba sai Yunin 2021.

Mu kuma muna da ƙarin namu. Zafin Afrilu da Mayu yakan haura digiri 40, salula da kwamfuta in sun yi zafi sai su rage gudu da kansu don kada su ƙone, ƙurar hunturu kuma ta toshe ƙofofin iska. Sannan wanda ya ci bashi ya sayi PlayStation 5 don an ce tana kai 120, ya haɗa ta da talabijin mai nuna 60, to 60 ɗin zai gani.

Saboda haka muna kira ga matasanmu masu ɗaukar biki su sayi fitila mai kyau kafin su sayi sabuwar salula, su kuma gwada wurin da dare kafin ranar taro. Masu ɗakin wasa su riƙa share ƙura, su ɗaga na'ura daga ƙasa, su bar mata iska. Ƴan kasuwa su ji tsoron Allah su gaya wa mai saye abin da lambar ke nufi. Cibiyoyin koyon sana'a su ma su saka wannan cikin darasi, tunda sana'ar tana ciyar da gidaje. Iyaye kuma kafin ku ba da kuɗi, ku ce a nuna muku aikin dare da yaron ya taɓa yi. Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu, uwar amaryar nan kuwa ta ga hakan da idonta. Allah ya sa mu gyara.