Kansila Da Kwalbatin Unguwarmu

Duk lokacin da zaɓe ya ƙarato, hankalinmu yakan tafi Abuja da gidan gwamnati. Mukan kwana muna gardama a kan wanda zai zama shugaban ƙasa ko gwamna, amma in aka tambaye mu sunan kansilan mazaɓarmu, da yawa cikinmu sai mu yi shiru. Alhali kuwa ran da kwalbati ya toshe da damina, ruwa ya shiga ɗakunanmu, ba shugaban ƙasa ne zai zo ya duba ba.

Nijeriya tana da ƙananan hukumomi 774, kuma gyaran da gwamnatin soja ta yi a 1976 ne ya sa su bisa tsari iri ɗaya. Tsarin mulki na 1999 ya lissafa ayyukansu: kasuwanni, tashoshin mota, mahauta, maƙabartu, kwashe shara, hanyoyin cikin gari da magudanan ruwa, rajistar haihuwa da mutuwa, da sa hannu a makarantun firamare da kiwon lafiya. Kowace mazaɓa tana aika kansila ɗaya. Ciyaman yakan kawo kasafin kuɗi na shekara, kansiloli su duba shi, su gyara, su amince, sa'an nan su bi sawu su ga ko an yi aikin. Babban aikin kansila ke nan.

To, amma da wane ido muke kallonsa? Lokacin kamfe ɗan takara yakan bi gida gida da gishiri, da sabulu, da turmin atamfa, mu karɓa mu yi masa alkawari. Ba ma tambayarsa ko ya taɓa ganin takardar kasafin kuɗi. Da ya ci zaɓe, tun asuba ƙofar gidansa ta cika. Wannan matarsa ta haihu, wancan zai aurar da 'ya, wani kuma an koro ɗansa saboda kuɗin makaranta. Buƙatun nan na gaskiya ne, amma albashin mutum ɗaya ba zai ɗauki mazaɓa ba. Don kada a ce masa marowaci, sai ya nufi ofishin ciyaman neman ɗan taimako ko 'yar kwangila. Kowa ya ci ladan kuturu kuwa dole ya yi masa aski. Ran da aka kawo kasafin kuɗi, yaya zai buɗe baki ya tambayi inda kuɗin rufin makarantar firamare ya shiga? Ashe da hannunmu muka rufe bakin wakilinmu.

Wasu za su ce kansila ba shi da wani iko, tun da gwamnoni ne ke riƙe da kuɗin. Akwai gaskiya a nan. Shekaru da yawa kason ƙananan hukumomi, wato kashi 20.6 cikin ɗari na asusun tarayya, yana bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha, gwamnoni da dama kuma sun naɗa kantomomi maimakon su yi zaɓe. Amma ran 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma zaɓaɓɓu ne kaɗai za su mulke su. Sai dai hukunci ba ya gina kwalbati. Ko kuɗin ya iso sakatariya bai yi ciwon kai ba, in babu mai sa ido, sai dai a canja masa aljihun da zai ɓace a ciki.

Saboda haka shawararmu ita ce kowace unguwa ta riƙa kiran kansilanta taro bayan wata uku uku, ko a filin makarantar firamare ko a ƙofar gidan mai unguwa, maza da mata, Kirista da Musulmi, gama ruwan kwata ba ya tambayar addinin mai gida. A yi masa tambaya uku cikin ladabi: Nawa ya shigo? Me aka ware wa mazaɓarmu? Ina aikin ya tsaya? In ya amsa da kyau, mu mara masa baya, mu kuma rage masa nauyin suna da biki.

Ku ɗalibanmu 'yan ajin ƙarshe, da yawanku kun kai shekara 18, kun isa jefa ƙuri'a. Lissafin da kuka koya a aji ya ishe ku karanta kasafin kuɗin ƙaramar hukuma. In kun koma gida, ku fara da neman sanin sunan kansilanku. Wata rana waɗansunku za su nemi kujerar nan, muna fata ran nan za ku shiga kamfe da takardar ayyuka a hannu, ku bar gishiri a kasuwa.