Mu Daina Mai da Fartanya Bulala a Makarantunmu

A farkon sanyin bana wani dattijo ya iske ni bayan aji, ina tsugune da yarana muna haƙa ramin taki. Jikansa na cikinsu, hannunsa duk ƙasa. Ko gaisuwa bai bari mun ƙare ba ya ce: "Mushe, laifin me yaron nan ya yi?" Na ce: "Baba, bai yi laifin komai ba, darasi muke yi." Ya dube ni, ya dubi ramin, ya ce in noma ne ai yana da gona a bakin kogi, shi lakwal ya kawo yaro don ya zama wani abu.

Ban ji haushinsa ba, domin a cikin gajeren zancen nan ya faɗi ciwo biyu da ke damun makarantunmu. Na farko, duk wanda ya ga ɗalibi da fartanya a harabar makaranta ya san horo ake masa. Na biyu, mun yarda a zuci cewa mai noma bai zama wani abu ba. Kuma in za a faɗi gaskiya, mu malamai ne muka koya wa iyaye duka biyun.

Bari in fara da namu laifin. Yaro ya makara, sai mu ce ya ɗauki fartanya ya share ciyawa. Yarinya ta yi surutu, sai ta ɗebo ruwa bido biyar ta zuba wa itatuwa. Wanda ya kasa lissafi kuwa, abin da yake ji daga bakinmu shi ne: "Kai dai gona za ka ƙare." Shekara shida yaro yana jin haka, to me muke so ya ɗauka? Ya fita yana ƙyamar aikin da ke ciyar da gidansu, ga shi kuma aikin ofis ɗin da muka yi masa alkawari ba ya isar kowa. Ni ma na yi haka a farkon aikina, sai daga baya na gane ɓarnar da nake yi.

Abin takaici, ba wai tsarin karatu ne ya manta da wannan fanni ba. Tun ƙarshen shekarun 1980 akwai darasin ayyukan hannu da samar da amfani a manhajar firamare ta Nijar, wanda muke kira APP. A makarantar horar da malamai an koya mana shi. Amma mu da ke cikin aji mun san abin da sa'ar nan ta koma: shara, ko ƙarasa darasin Faransanci, ko hutun malam. A takarda kuma a rubuta an yi.

Yanzu mu duba inda muke zaune. Yankin Gaya ne ya fi ko'ina samun ruwan sama a Nijar, wajen milimita 800 a shekara, alhali Agadas ba ta samun ko rubu'in haka. Ga kogin Kwara a gefenmu, ga fadamun Dallol Mauri da Dallol Foga inda ruwa ke kusa, ga giginya, rake, rogo, dankali da shinkafa. In akwai wurin da ya kamata kowace makaranta ta sami garka a ƙasar nan, to nan ne. Amma za ka shiga makaranta a Tanda ko a ƙauyukan kewaye ka iske fili fetal, babu ko zogale ɗaya, sai ledoji da awaki.

Wanda ke ganin wannan ƙaramar magana ce ya tuna abin da ya same mu bayan watan Yuli na 2023, lokacin da aka rufe gadar da ke tsakanin Gaya da Malanbil da kuma iyakar Kamba. Motocin Kwatano suka tsaya, kaya suka yi tsada, masu dako da masu ƴan tebura suka zauna. Kafin nan, a 2022, yaƙin Rasha da Yukren ya riga ya ɗaga kuɗin takin zamani a duniya baki ɗaya. Gidan da ke da zogale, yakuwa, kuɓewa da ɗan tumatir a bayan ɗaki bai ji jiki kamar gidan da komai sai an je kasuwa ba. Iyayenmu sun ga irin wannan a farin 1984, sa'ad da gwamnatin Seyni Kunce ta dage kan noman rani. Darasi ne da muke ta biyan kuɗinsa ba mu koya ba.

Sai dai dattijon nan yana da hujja, kuma dole a ba shi amsa. Ya ce noma a gida ake koyonsa. Gaskiya ne, kuma babu malamin da zai koya wa ɗan bakin kogi riƙon fartanya. Abin da makaranta za ta ƙara shi ne dalili. A gona yaro yana ganin ana haɗa wake da gero. A makaranta sai ya tuge wake ɗaya, ya wanke saiwar, ya ga ƴan ƙullutun da ke jikinta, ya ji cewa a cikinsu akwai ƙananan halittu masu jawo sinadarin azot daga iska, wanda ƴan'uwanmu na Najeriya ke kira naitirojin. Shi ne dai sinadarin da babansa ke saye a buhun yuriya mai lamba 46 a jiki. Sai ya san cewa 15-15-15 da ke kan ɗaya buhun ba ado ba ne, kason sinadarai uku ne cikin ɗari. Ya san abin da ya sa gero ke kyau a gindin gawo, itacen da ke zubar da ganye da damina ya bar wa shuka rana da taki.

Kuma duk wannan karatu ne na cin jarrabawa. Fangali mai tsawon mita 5 da faɗin mita 1, nawa ne murabba'insa, nawa ne kewayensa? In kowane murabba'in mita yana shan lita 5 a rana, bido nawa mai lita 25 za a ɗebo a mako? A sa ƙwayar iri 20 a tsumma mai laima, 15 suka tsiro, kashi nawa ke nan cikin ɗari? A zuba ƙasa a kwalba da ruwa, a girgiza, a aje: rairayi ya fara kwantawa, laka ta zo daga ƙarshe, yara su auna da abin awo su kwatanta ƙasar tudu da ta fadama. Na ga yaran da lissafin kaso ya gagare su a allo sun gane shi a tsumman iri. Saboda haka mai cewa garka tana cin lokacin darasi bai taɓa yin darasi a cikinta ba.

Hujja ta biyu ita ce babu kuɗi. A nan ne nake da faɗa da wasu abokan aikina da wasu ƴan kwamitin kula da makaranta. Da ka ce garka, sai a ce a jira wata ƙungiya ta kawo wayar shinge, injin ban ruwa da irin gwangwani. Na taɓa aiki a makarantar da aka kawo wa duk waɗannan. An ɗauki hotuna, an kafa allo mai suna. Shekara biyu da tafiyar masu aikin injin ya lalace, babu mai gyara, irin da aka kawo kuma na aure ne, wanda in ka aje ƴaƴansa ba sa fitowa kamar uwar. Waya ta koma gidajen mutane, allon kaɗai ya rage. Abin da yara suka koya a nan shi ne cewa garka aikin masu kuɗi ne, sai baƙo ya zo.

Ga abin da garkar makaranta ke buƙata a gaskiya. Shinge: kara da ƙaya a shekarar farko, a dasa lalle da zogale a jikinsa su zama shinge mai rai. Taki: rami mai zurfin kusan mita ɗaya, a jera busasshen ganye da ƙaiƙayi, kashin awaki ko na shanu, ɗan toka, a yayyafa ruwa, a juya duk mako biyu. Cikin wata biyu zuwa uku ya zama baƙar ƙasa mai ƙanshi. Ganyen da muke sa yara su share su ƙone kowace safiya shi ne rabin kayan. Iri: kowane yaro ya roƙo kaɗan wurin kakarsa, kuɓewa, yakuwa, alayyafo, kabewa, barkono, irin gida da ake ajewa shekara da shekaru. Maganin ƙwari: ƴaƴan bedi, a daka, a jiƙa su kwana, a tace, a yayyafa da yamma. Abin ban ruwa: gwangwanin da aka huhhuda da ƙusa. A rufe gindin shuka da ciyawa don kada rana ta shanye laima. Inda rijiya ke nesa, a fara da fangali biyu kawai, a karkata ruwan alwala da na wanke hannu zuwa gindin zogale. A cikin wannan jerin, me ya kai kuɗin katin waya na mako guda?

Lokaci ma yana tare da mu. Makaranta tana buɗewa a Oktoba, sanyin da kayan lambu ke so yana zuwa daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Ko a 2024, da ambaliya ta sa aka ɗage komawa makaranta zuwa 28 ga Oktoba, wanda ya so shuka bai makara ba. Da babban hutu kuwa ruwan sama ne ke kula da zogale da lalle.

Akwai masu dariya in na ce a shuka furanni, wai abin Turawa ne. To su je su dubi kabewa ko kankana. Furen namiji daban, na mace daban, in ƙudan zuma bai ɗauki garin wannan ya kai wa wancan ba babu ɗa. Furanni ne ke kiran zuma zuwa garka. Zoborodon da muke sha daga furen yakuwa yake fitowa, lallen da matanmu ke ƙunshi da shi furensa na cika gida da ƙanshi. Kuma yaron da ya dasa fure a ƙofar ajinsu ba ya jefa leda a wurin. Ƴaƴan talakawa ma sun cancanci wuri mai kyaun gani.

Hujja ta uku ce mafi nauyi, kuma iyaye suna da gaskiya a kanta: wa ke cin amfanin? Mun san inda yara suka yi wata uku suna ban ruwa, salati ya nuna, ya bi bayan babur ɗin wani babba. Wannan ba darasi ba ne, bauta ce, kuma ita ta kashe garkunan makarantu da yawa. Maganinta a fili yake. Kwamitin makaranta da ƙungiyar iyaye mata su san abin da aka shuka. A buɗe littafi, yara da kansu su rubuta abin da aka tsinka da abin da aka sayar, a karanta a gaban kowa. Abin da ba a sayar ba a raba wa yaran su kai gida. Kada aikin yaro ya wuce sa'ar darasi, kada a ɗora wa ƴan mata kaɗai ɗiban ruwa, kuma kada a taɓa aika yaro garka ko gonar malam da sunan horo.

Wanda ke shakkar cewa ilimi mai arha yana canza ƙasa ya dubi Maradi. A 1983 Tony Rinaudo, wani ɗan Ostireliya, ya lura cewa kututturan da manoma ke sarewa kowace shekara suna da rai a ƙasa. Manoma suka fara barin rassa kaɗan suna gyara su, abin da ake kira sassaben zamani. An ƙiyasta cewa ta haka aka farfaɗo da hekta wajen miliyan 5 a Nijar, da wuƙa da ido kawai. A Burkina Faso, Yakuba Sawadogo, manomin da bai yi boko ba, ya gyara tsohuwar dabarar ramukan tassa har ya mai da faƙo daji, duniya ta ba shi lambar yabo a 2018. Yaranmu nawa ne suka taɓa jin sunansa a aji? Mu kuma kowace 3 ga Agusta muna dasa itatuwa lokacin da makaranta ke rufe, ba mu koya wa kowa yadda ake renonsu ba.

Ba na cewa kowane ɗalibi ya zama manomi. Ina so su zama likitoci da alƙalai da malamai. Amma likitan da ya san darajar ganyen zogale ga yaro mai tamowa ya fi wanda bai sani ba, kuma wanda karatu bai kai shi nesa ba ya fita da abin da zai riƙe kansa ba tare da jin kunya ba.

Don haka ina roƙon abokan aikina abu uku a bana: mu daina horo da fartanya, mu mai da sa'ar APP ga aikinta, kowane aji kuma ya haƙa ramin taki ɗaya ya gyara fangali ɗaya. Masu duba makarantu, in kun zo, bayan littafin shirin darasi ku ce a nuna muku garka. Iyaye kuma, ku ba yaro taki huɗu na ƙasa a bayan ɗaki da ƴan ƙwayoyin iri, ku bar shi ya gwada, ko da zai yi kuskure. In kun iske shi da fartanya a makaranta, ku tambaye shi abin da ya koya. In ya ce horo ne, ku zo ku tuhume mu, kuna da gaskiya.

Dattijon nan ya dawo bayan wata biyu. Bai ce na yi daidai ba, ni ma ban tambaye shi ba. Ya tsaya a bakin ramin, ya damƙi takin, ya sansana, sannan ya tambayi jikansa toka nawa ake zubawa.